Waken GMO A Cikin Mudu: Wa Ke Gadin Abin Da Muke Ci?

Saƙon murya ne na minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Gwaggona ce ta turo shi guruf ɗin danginmu na WhatsApp bayan sallar Asuba, da alamar nan ta "an tura sau da yawa" a samansa. Wani mutum ne da bai faɗi sunansa ba, muryarsa a natse kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya ce an shigo da wani wake da wata masara da Turawa suka sarrafa, duk wanda ya ci zai daina haihuwa, gonar da aka shuka su kuma ta mutu ke nan har abada. Ya rufe da roƙon a tura wa mutum goma don Allah.

Kafin Azahar guruf ya ɗauki zafi. Ƙanina da ke aji uku a jami'a ya rubuta "wannan ai jahilci ne", nan take aka taso masa, wai boko ya sa ya raina manya. Gwaggo ta sanar cewa ita da ƙosan bakin titi sai dai a lahira. Ana cikin haka wani kawunmu, wanda ba ya yawan magana, ya jefo tambaya: "To yaya mutum zai gane shi idan ya je kasuwa?"

Shiru. Ba wanda ya amsa, har ni. Aka koma tura sitika.

Tun daga ranar tambayar Kawu ta tsaya mini a rai, domin ita ce ainihin maganar. Mun shafe watanni muna faɗa a X da TikTok da Facebook, wasu na cewa GMO guba ce, wasu na cewa ita ce za ta raba mu da yunwa, alhali akwai doka, akwai hukuma, akwai mutanen da ake biya albashi da kuɗin ƙasa don su tsaya tsakaninmu da duk abin da zai shiga tukunyarmu. Su waye? Me suka yi? Ina suka gaza? Mu bi abin daki-daki.

Tsutsar da ta jawo duk wannan magana

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita. Mu ne kuma muka fi kowa cin sa: ƙosai, alale, ɗanwake, garau-garau, ga harawa ta dabbobi. Duk da haka abin da muke nomawa ba ya isar mu, shi ya sa manyan motoci ke shigo da shi daga Nijar.

Duk wanda ya taɓa noman wake ya san maƙiyinsa. Wata 'yar tsutsa ce da masana ke kira Maruca. Tana shiga cikin fure ta cinye, ta huda kwanso ta zauna a ciki tana cin ƙwayar tun tana ɗanya. Da yake a ɓoye take, maganin feshi ba ya cika isa gare ta. A shekarar da ta yi ƙarfi tana iya lashe har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Shi ya sa za ka ga manomi ya goya famfon feshi sau shida, sau takwas a damina ɗaya, galibi ba safar hannu ba takunkumi, iska na mayar masa da maganin a fuska.

Masu bincike sun duba dubban nau'o'in wake da ke ajiye a rumbunan iri, suna neman wanda Allah Ya hore wa juriyar wannan tsutsa don a haɗa shi aure da namu. Ba a samu wanda ya isa ba. Daga nan aka koma ga wata bakteriya da ke rayuwa cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis, a taƙaice Bt. Tana samar da wani furotin da ke kashe wasu nau'o'in tsutsa. Yadda yake aiki shi ne: cikin tsutsa ba shi da tsami irin namu, a can furotin ɗin ke narkewa, ya manne a bangon hanjinta ya huda shi. Cikin mutum kuwa tsami ne da shi mai ƙarfi, kuma hanjinmu ba shi da wurin da furotin ɗin zai kama, sai ya narke kamar sauran abinci. Manoman da ba sa amfani da sinadarai a Turai da Amurka sun shafe gomman shekaru suna fesa wannan bakteriya a gonakinsu. Abin da aka yi shi ne ɗauko ƙwayar halitta guda daga jikinta, mai suna Cry1Ab, aka dasa a cikin wake, ta yadda shukar za ta riƙa kare kanta.

Aikin dashen an yi shi ne a cibiyar CSIRO ta Ostireliya. Ƙwayar halittar ta kamfanin Monsanto ce, wanda Bayer ya saye a 2018, kuma ya bayar da ita ba tare da karɓar kuɗin mallaka ba ta hannun gidauniyar AATF mai hedikwata a Nairobi. Hukumar USAID ta Amurka ta zuba kuɗi. Amma gwajin gona da haɗa shi da irin da manomanmu suka saba da shi, a Samaru aka yi, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, wato IAR, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009. Sai a Janairun 2019 aka ba shi izinin fita, a Disambar shekarar aka yi masa rajista da sunan SAMPEA 20-T, aka ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a watan Yunin 2021. Shekara goma cur tsakanin gwajin farko da izini. Yana nuna cikin kimanin kwana 70 zuwa 75, kuma masu shi sun ce feshi biyu ya wadatar maimakon shida ko takwas.

Masarar da ake ta surutu a kai, TELA, ita ma daga Samaru ta fito, ƙarƙashin Farfesa Rabiu Adamu. An yi ta ne don ta jure tsutsar da ke huda kara da kuma sabuwar tsutsar nan mai cinye zuciyar masara, wadda ta ɓulla a Afirka a 2016, tare da ɗan jure ƙarancin ruwa. An amince da nau'i huɗu a Janairun 2024: SAMMAZ 72T, 73T, 74T da 75T. Kafin su duka akwai auduga mai Bt da aka amince da ita a 2018. E, Gidauniyar Bill Gates na cikin masu ɗaukar nauyin aikin TELA. Wannan ba sirri ba ne, a rubuce yake a shafukansu, don haka mai bidiyon da ke faɗa maka kamar ya bankaɗo wani asiri, data ɗinka kawai yake ci.

Mai tura mota da mai taka birki

Gwamnati na da hannu biyu a wannan harka, kuma yawancinmu ba mu san bambancinsu ba.

Hannu na farko shi ne mai turawa. A 2001 aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sarrafa ƙwayoyin halitta, NABDA, wadda yanzu ake kira NBRDA. Aikinta ta tallata fasahar, ta tallafa wa bincike, ta jawo masu zuba jari.

Hannu na biyu shi ne mai taka birki. Najeriya na cikin ƙasashen da suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Cartagena ta shekarar 2000, wadda ta tsara yadda za a riƙa ketare iyaka da halittun da aka sauya. An daɗe ana jan ƙafa kafin a yi dokar cikin gida, sai a Afrilun 2015, ana saura 'yan makonni ya sauka, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa dokar hannu. Ita ta haifar da hukumar NBMA da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli. Ba wanda ke da ikon shigo da GMO, ko gwada shi, ko sayar da shi, sai da izininta. Wanda ya karya doka zai iya fuskantar tarar Naira miliyan 2.5, ko ɗaurin shekara 5, ko duka biyun. A 2019 aka yi wa dokar kwaskwarima ta haɗa da sababbin fasahohi kamar gyaran ƙwayar halitta ba tare da an dasa ta wata halitta ba, kuma a ƙarshen 2020 Najeriya ta zama ta farko a Afirka da ta fitar da ƙa'idojin wannan fanni.

A takarda tsarin ya yi kyau. Mai neman izini zai kawo bayanansa. Kwamitocin masana za su duba ko abin na da guba, ko yana jawo ƙyan jiki, ko sinadaran gina jikinsa sun bambanta da na asali, ko zai cutar da ƙudan zuma da sauran ƙwari masu amfani. Za a buga sanarwa a jaridu, a ba jama'a kwana 21 su je su duba takardun su faɗi ra'ayinsu. Bayan NBMA ta gama, akwai wani kwamitin ƙasa daban mai rajistar sababbin iri, sannan hukumar kula da ingancin iri ta NASC, sannan NAFDAC ga abincin da aka sarrafa aka zuba a kwali ko gwangwani.

Yanzu ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah: ka taɓa ganin wannan sanarwa ta kwana 21? Manomin Ɗanbatta ko na Bakura ya taɓa jin ta? Ana buga ta da Turanci, a jaridar da ba ta zuwa ƙauye, takardun kuma ɗaruruwan shafuka ne na yaren kimiyya da ko mai digiri sai ya yi gumi. An cika sharaɗin doka, amma mutanen da za su shuka su ci ba su san an yi ba. Sai ranar da aka yi bikin ƙaddamarwa a otal a Abuja su ji a labarai. To me zai hana mai saƙon murya ya riga hukuma isa kunnen Gwaggo?

Akwai kuma wani ƙorafi da ƙungiyoyi irin su HOMEF ta Nnimmo Bassey suka daɗe suna yi, wanda ni a ganina ba abin yarwa ba ne: hukumar da ke tallata fasahar tana da kujera a majalisar gudanarwar hukumar da ke sa mata ido. Ko da kowa a wurin waliyyi ne, tsarin bai yi kama da adalci ba. Ba a sa ɗan wasa cikin kwamitin da ke kula da alƙalin wasa. Sannan yawancin bayanan da ake dubawa mai neman izinin ne ke kawo su. Haka ake yi a ƙasashe da dama, har a harkar magunguna, amma can hukumomin na da kuɗi da ɗakunan gwajin da za su bi diddigi. A nan fa? Wannan tambaya ce da ya kamata 'yan majalisa su amsa ranar kare kasafin kuɗi. A watan Mayun 2024 Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da sababbin GMO har sai ta yi bincike. Ƙudurin majalisa dai ba doka ba ne, kuma kiran a dakatar ya fi sauƙi a kan ware kuɗin sayen na'urar gwaji.

Inda mai saƙon ya yi ƙarya, da inda ya kusa gaskiya

Maganar hana haihuwa ba ta da tushe. An fara noman GMO gadan-gadan a duniya tun 1996. A Afirka ta Kudu fiye da kashi 80 cikin 100 na masarar da ake nomawa GMO ce, kuma farar masara ita ce tuwonsu na kullum, sun fi shekara 20 suna ci. A 2016 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da wani babban rahoto bayan duba ɗaruruwan bincike, ba ta sami hujjar cewa waɗannan amfanin gona sun fi na gargajiya haɗari ga lafiya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma matsayinta shi ne waɗanda ke kasuwa sun tsallake gwaji, tare da sharaɗin a riƙa duba kowane sabo shi kaɗai. Wani abin da ba a cika faɗa ba: insulin ɗin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura da shi, tun 1982 ake samar da shi daga ƙwayoyin halittar da aka sauya. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai ma haka. Fasahar ta daɗe da shiga gidajenmu ta ƙofar asibiti.

Maganar cewa irin ba ya sake tsirowa ita ce ta fi ruɗa mutane, saboda an cakuɗa abu biyu. Gaskiya ne a shekarun 1990 an ƙirƙiro wata fasahar da za ta sa iri ya zama bakarare, amma duniya ta yi ca, aka dakatar da ita a 2000, ba a taɓa sayar da ita ba. Wake shuka ce mai yi wa kanta barbara, don haka manomi na iya ajiye SAMPEA 20-T ya sake shukawa, sai dai ana ba da shawarar sabunta iri bayan 'yan shekaru. Masarar TELA kuwa mai aure ce. Duk masara mai aure, GMO ce ko ba GMO ba, idan ka ajiye 'ya'yanta ka shuka za su tsiro, amma amfanin zai ragu. Manoman Saminaka da Funtuwa sun san haka tun kafin a haife mu.

Amma a nan ne mai saƙon ya kusa taɓa gaskiya ba tare da ya sani ba. Manomin da zai sayi iri kowace shekara ya dogara ke nan da kamfani, da farashin da kamfani ya ga dama, da kuma ranar da irin zai iso. Yau an ba da ƙwayar halittar kyauta. Ta gaba fa? A 2021 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar sababbin iri. Tana da amfani, domin mai binciken da ya ƙare ƙuruciyarsa a gonar gwaji ya cancanci ya ci guminsa. Sai dai wa zai mallaki irin da za mu shuka nan da shekara 20, cibiyoyinmu ko kamfanonin waje, wannan magana ce ta siyasa da tattalin arziki, kuma ta fi ƙarfin a bar wa masana kimiyya su kaɗai.

Ga darasi a maƙwabta. Burkina Faso ta rungumi auduga mai Bt a 2008, har ta zama abin misali a Afirka. Tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, manoma da yawa sun ji daɗi. Sai aka gano silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka tafka asara. A 2016 suka yi watsi da ita, suka nemi diyya daga Monsanto. Ba wanda ya mutu, ba ƙasar da ta ƙone. An yi gaggawa ne wajen haɗa irin, aka rasa ingancin da ya sa ake rububin audugar Burkina. A Indiya kuma wata tsutsar auduga ta saba da Bt har ta daina jin sa, haka wata tsutsar masara a Afirka ta Kudu. Ƙwaro ma yana koyon darasi. Shi ya sa ake son a riƙa shuka ɗan irin gargajiya kusa da na Bt, don tsutsar da ba ta da juriya ta ci gaba da hayayyafa ta rinjayi mai juriya. Wa zai koya wa manomi wannan? Malamin gona. Malamin gona ɗaya kuma a ƙasar nan dubban manoma ke wuyansa, wani ko babur ba shi da shi.

Su ma masu tallata waken su rage zuzutawa. SAMPEA 20-T maganin Maruca kawai yake yi. Ba ruwansa da ɗarɓa da sauran ƙwarin da ke tsotse fure da kwanso, shi ya sa har yanzu sai an yi feshi biyun nan. Uwa uba, ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a cikin buhu. Kuma a nan ne gubar gaske take. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, saboda an sami sinadarin dichlorvos a cikinsa fiye da kima. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, an sami wanda ya kai 4.6. Wannan sinadari shi ne piya-piyan da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake don kada ya yi ƙwari. Turawa sun ce ba sa so, mu kuma muna ci kullum. Ga buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaron ta hanyar toshe masa iska, ba tare da ɗigon magani ba, amma ban taɓa ganin wanda ya yi saƙon murya na minti huɗu a kansa ba.

Abin da ya sa ba a yarda

Kafin mu yi wa iyayenmu dariya, mu tuna inda tsoron ya samo asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. An yi ta shari'a a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin ya musanta laifi, daga baya a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har wasu ƙasashe, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Yadda aka fita daga wancan rikici ma abin lura ne. Sai da aka kawo sarakuna da malamai, aka tura tawaga ta je ta ga yadda ake gwajin maganin, aka zauna da mutane a zaure ana amsa tambayoyinsu da harshensu. Zagin mutane da jahilci bai taɓa sa an buɗe ƙofa ba. Ƙanina ya yi gaskiya a kan kimiyya, amma ranar bai sauya ra'ayin kowa a guruf ba.

Mu koma kan tambayar Kawu

Yaya za a gane shi a kasuwa? Amsa ita ce ba za a gane ba. Da ido ba shi da bambanci da sauran farin wake. Ƙa'ida ta ce a rubuta a jikin kayan da ke ɗauke da GMO, kuma hakan na yiwuwa a kwalin da ke kan kantar babban shago. Amma mu a mudu muke awo. A Dawanau buhunan manoma goma ake juyewa wuri guda a sake ɗurawa, a loda wa motar Legas ko ta Maraɗi. Ina za a manna takardar? A jikin kwano? A bakin kaskon mai ƙosai? An kwafo tsarin da aka gina don ƙasashen da komai ke cikin leda mai lamba, aka ɗora a kan kasuwar da ba ta san wannan ba.

Ma'anar haka ita ce, zaɓin da ake cewa mai saye na da shi, a aikace babu shi. Duk nauyin ya koma kan hukuma: in ta yi aikinta mun tsira, in ta yi sakaci ba mu da wata katanga ta biyu. Ni na gamsu da hujjojin da ke nuna waken Samaru ba shi da illa ga mai ci, kuma zan ci ƙosansa gobe da safe. Amma ina so in san wa ke komawa gona bayan shekara uku ya duba ko tsutsar ta fara sabawa. Ina so a wallafa sakamakon binciken NBMA a taƙaice da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a karanta a rediyo kafin a ba da izini. Ina so a raba kujerar mai talla da ta mai sa ido.

Inda zaɓi ya rage shi ne wajen manomi, ranar sayen iri, kuma can ma akwai matsala. Da zarar iri ya yi suna, 'yan damfara za su zuba waken kasuwa a leda mai kyau su rubuta sunansa. Manomi ya rage feshi yana zaton ya sayi mai juriya, tsutsa ta cinye gonar, ya fito yana tsine wa GMO. Hukumar NASC ta fito da wata lamba da ake kankarewa a jikin ledar iri kamar katin waya, a tura ta saƙon tes a tabbatar. Mu da ke riƙe da waya awa goma a rana, nawa ne cikinmu suka taɓa nuna wa wani dattijo a ƙauyensu yadda ake yi?

Akwai kuma ɓangaren tallafi, wanda ya shafe mu kai tsaye. Dubban matasa na karanta fannonin nazarin halittu a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri. Da yawa za su gama ba su taɓa riƙe na'urar da suka zana a jarrabawa ba. A 2022 wata takwas jami'o'i suka yi a rufe. Ɗakin gwajin da ke buƙatar firiza mai sanyi dare da rana yana jiran wutar da ba ta zuwa. Tarayyar Afirka ta nemi kowace ƙasa ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikinta ga bincike, mu ko kusa ba mu kai ba. To in kuɗin binciken wake daga Amurka yake zuwa, dashen ƙwayar halitta a Ostireliya, kada mu yi mamaki in an ce ajandar wasu ce. Wanda ya biya kuɗin kiɗa shi ke zaɓar waƙa. Kuma mun ga yadda tallafin waje ke iya tsayawa dare ɗaya, kamar yadda aka rufe ayyukan USAID a 2025. Wa zai biya kuɗin binciken gero da dawa da riɗi, waɗanda ba su dami manyan kamfanonin duniya ba?

Da yamma na kira Gwaggo. Ban tura mata doguwar maƙala ba, na san ba za ta buɗe ba. Na yi mata bayanin tsutsar, da Samaru, da piya-piya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To ɗan nan, in dai haka ne, me ya hana su fito rediyo su faɗa mana da bakinsu? Sai mun ji a bakin wanda ba mu sani ba?"

Na ce mata zan rubuta, wataƙila wani a Abuja ya gani. Ta ce in na rubuta in karanta mata a saƙon murya, kada ya wuce minti huɗu. Ƙosan kuwa ta ce tukuna, za ta riƙa jiƙa nata a gida. Na tambaye ta ina take sayen waken. Ta ce a kasuwa mana, wajen mai awon da ta saba.